Zobe a Ƙafar Shamuwa

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe ne shamuwar ta sauko daga gawon ƙofar gidanmu, ta dira a tsakiyar hanya. Na san lokacin domin agogon Baba yana hannuna, wanda sai da na ƙara wa maɗaurinsa huda kafin ya zauna mini, kuma malaminmu Mushe Lawali ya koya mana cewa wanda ya ga tsuntsu mai zobe, agogo zai fara dubawa kafin ya yi murna. A daidai lokacin ne mazan unguwarmu suka kunno kai daga filin idi. Daga roƙon ruwa suke, kowa da rigarsa a juye.

Bana ma ruwa ya ɗauke bayan shuka. Na zo hutu daga jami'a a Damagaram, na tarar gero ya kai tsawon yatsa ya tsaya, ganyensa ya naɗe. Da hantsi in ina zaune a zaure, iska mai zafi tana shigowa da warin ƙasar da ta sha ruwa sau ɗaya ta bushe, sai waccan shekarar ta dawo mini gaba ɗayanta. Ina aji na biyu a kwaleji a lokacin.

Damina biyu kafin nan, wasu mutane sun zo Matameye da farar mota, tare da ma'aikatan gandun daji. Masu binciken tsuntsaye ne. So suke su san inda shamuwa take tafiya in ta bar mu da kaka, da kuma ko itacen da aka ƙyanƙyashe ta take komawa. Suka nemi izinin mai unguwa, ya ba su. Suka nemi mai hawa, kowa ya nuna Kawu Iro, ƙanin Inna, wanda sana'arsa da rani ita ce sassaɓo ganyen gawo yana sayar wa masu kiwo. Ya hau da kwando da igiya, yana zuro ƴaƴan shamuwa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa a sa wa kowace zoben ƙarfe a idon sawu, da koren zoben roba mai fararen haruffa a saman gwiwa, sannan ya ja ta ya mayar sheƙarta. Rana tsaka aka yi, unguwa duk tana tsaye tana kallo.

"Iro, baiko kake yi wa ƴar shamuwa?" in ji wani daga ƙasa.

"Ƴan matan gari sun ƙi ni, me zan yi?" ya amsa daga sama, aka kwashe da dariya.

Da za su tafi suka bar wa Mushe Lawali jumel, madubin nan mai ido biyu da ke jawo abin nesa kusa, suka ce duk wanda ya ga mai zobe ya karanta haruffan, a aika musu da rana da lokaci da wuri. Ni Mushe ya ba, domin itacen a ƙofar gidanmu yake. Ya ce wa aji, "Balkisa ba ta motsi, ba ta magana. Tsuntsu ba zai gane mutum ce ba." Na sunkuyar da kai, amma ranar ban iya cin abinci ba don daɗi.

Shekarar da nake ba da labarinta, shamuwa ta iso da wuri, ruwan farko kuma ya biyo ta da ƙarfi. Washegari muka fita shuka. Baba yana Legas yana dako a kasuwa, ya ce sai ruwa ya zauna zai taho, don haka Kawu Iro ne namijin gidan, a ɗakin zaure yake kwana. Yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna baya da ƙorai, muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasa tana da sanyi a tafin ƙafa. Gawo ya zubar da ganye kamar yadda ya saba da damina, ya tsaya tsirara, sheƙuna a kansa baƙi-baƙi. Gero ya tsiro layi-layi. A makon ne na hango kore a gwiwar wata shamuwa can a ƙololuwa, amma kullum sai ta juya mini gefen da babu rubutu.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Da yamma hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su ruga su kwashe shanya, a jera tukwane a bakin indararo. Sai ya tsage biyu ya wuce. Da safe rana ta fito fara fat, kafin hantsi yashi ya fi ƙarfin ƙafa. Tsiron ya yi ja, ya kwanta, iska ta binne shi. Muka sake shuka a busasshiyar ƙasa da ragowar irin, muna fatan ruwa zai same shi a ciki. Tururuwa da gafiya suka tono shi.

Ni ake zurawa cikin rumbu domin ni ce ƙarama. Da farko ina miƙo damma, daga baya ina miƙo zangarniya ɗai-ɗai, a ƙarshe na shiga da tsintsiya. Muka koma cin abinci sau ɗaya, bayan la'asar: garin rogon da ake shigowa da shi daga Najeriya, a jiƙa, a cuɗa da dafaffen ganye. Da safe kunun dusa, wanda yake ƙaiƙayi a maƙogwaro har azahar. Yunwa tana da ɗanɗano, wani ɗaci ne a bayan harshe, kuma in mutum ya miƙe da sauri sai ƙasa ta karkata. Dabbobi suka fara faɗuwa. Bijimin Ɗan Jimma mai amalanke ya durƙusa a hanyar kasuwa da kaya a bayansa, bai tashi ba. Shi ne duk abin da Ɗan Jimma ya mallaka.

An yi duk abin da aka sani. Mata suka daka gumba da ɗan abin da ya rage aka raba wa yara sadaka. Tsofaffin mata suka sa wandunan maza suka zaga gari suna kaɗa ƙwarya. Ranar farko mutane sun yi dariya, daga baya babu mai dariya. Maza suna fita filin idi. Sai aka fara cewa ruwan nan ba ƙin zuwa ya yi ba, ɗaure shi aka yi.

A wajenmu wannan magana tana da hanyarta. In an ce an ɗaure ruwa, sai a duba wa ruwa zai ɓata wa sana'a. Mamman mai bulo aka fara kamawa, domin yana da tubali jere a rana bai gama bushewa ba. Samari suka bi tubalin da ƙafa suka murƙushe, suka kwantar da shi a cikin ramin da yake kwaɓa laka, suka yi ta duka har haƙoransa biyu suka fita. Ruwa bai zo ba.

Ni kuwa kullum da safe ina kife turmi in hau, in ɗaga jumel sama ina jiran shamuwar ta juyo. Ban lura da komai ba sai da na ga in na isa rijiya mata suna yin shiru. Wata rana maƙwabciyarmu Hajiya Dije ta leƙo ta katangar baya.

"Maman Balkisa, ki hana yarinyar nan leƙen sama. Ana cewa duk hadarin da ta kalla da abin nan sai ya watse."

"Balkisa?" in ji Inna. "Wadda ko kaza ba ta iya kora daga kan shanya?"

"Ni dai na faɗa miki. Masu faɗin ba wasa suke ba."

Inna ta yi dariya, amma da Hajiya ta sauka ta karɓe jumel ɗin ta tura ƙasan adaka. Ban sake taɓa shi ba.

Saboda haka ranar da shamuwar ta sauko, da ido kawai na gan ta. Ina ƙofar zaure da tsintsiya, ta dira gabana, tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Fara take bi. Ta ɗaga ƙafa, ta juyo, ga fararen haruffan nan a fili. Na dubi agogo. Babu abin rubutu a kusa, sai na fara maimaita haruffan a bakina don kada su ɓace.

"La'ilaha illallahu!" Muryar Ɗan Jimma ce, a cikin masu dawowa daga filin idi. "Jama'a, ku dubi ƙafarta!"

Zoben ƙarfen yana walƙiya a rana. Taron ya tsaya cak.

"Laya ce."

"An ɗaura wa shamuwa laya!"

"Ga ta nan, ga mai yin! Ku dubi bakinta, karanta mata take yi!"

Shamuwa ita ke kawo damina, kuma babu mai taɓa ta. Tun muna yara ake gaya mana wanda ya jefe ta zai haukace, wanda ya kashe ta gidansa zai ƙone. Mutum wajen ɗari suna tsaye da yunwa da fushi, ba wanda ya ɗaga wa tsuntsuwar hannu. Har hanya suka buɗe mata, ta yi taku biyu ta tashi ta koma ƙololuwar gawo. Kaina suka yo.

Wani ya cafke wuyan hannuna, maɗaurin agogon ya tsinke. Mari ya sauka a kunnena na hagu, duniya ta koma ƙara ɗaya doguwa. Ana jana a ƙasa, gwiwoyina suna gurzar tsakuwa, ɗankwalina ya fita, wani ya damƙi kitsona. Ban yi kuka ba. Abin da nake tunawa shi ne ƙafafu, ƙafafu masu faso, da bakina da bai daina maimaita haruffan ba.

Kawu Iro yana cikin taron, shi ma daga roƙon ruwan yake. Ya ratso su da kafaɗa, ya sa wa wanda ya riƙe ni goshi a hanci, ya ɗauke ni ya wurga cikin zaure, ya tsaya a ƙofa ya dafa gefe da gefe.

"Ni na ɗaura!" ya ce. "Kun manta? Kuna tsaye a nan kuna dariya ranar da na ɗaura! Kai, Ɗan Jimma, ba kai ka riƙe mini igiya ba?"

"Ya amsa da bakinsa!"

Suka fizgo shi. Daga cikin zaure ina jin saukar sanda a jikin mutum, wani sauti ne marar amo, kamar ana kakkaɓe katifa. Liman, Malam Sani, tsoho ne ƙwarai, ya shiga tsakani yana ɗaga carbi. "Ku ji tsoron Allah! Yanzu fa muka tashi daga gabansa!" Aka ture shi, rawaninsa ya warware a ƙasa, aka bi ta kai.

Sai wani dattijo ya ce duka ba zai sauko da ruwa ba. Abin da aka ƙulla, wanda ya ƙulla shi ne zai kwance da hannunsa, in wani ya kwance bai kwantu ba.

"To a fito da yarinyar! Ita ke mata magana, ita za ta kira ta!"

Na ji ƙafafu sun nufo zaure. Inna ta ja ni ciki, ta danna ƙyauren kwano, ta jingina bayanta. Ana bugu, kwanon yana lotsawa.

"Ku bar ƙofar nan," in ji Kawu. Muryarsa ta canja, kamar bakinsa cike yake da ruwa. "Na ce ni ne. Zan hau in kwance."

Bugun ya tsaya.

Daga tsakar gida ana ganin gawon tun daga rassan farko har sama, babu ganyen da zai tare. Na ga kansa ya ɓullo ta saman katanga, ido ɗaya a rufe, rigar a yage. Ba igiya, ba gatari, ba takalmi. Gawo ƙaya gare shi, fara, mai tsini. Kawu da ya saba hawa kamar yana taka matakala, ranar a hankali yake ja, yana barin ja a jikin ɓawon. Shamuwoyi suka tashi suna zagaye, suna kaɗa baki. Mai zoben ta bari sai da ya kusa, ta matsa reshe na gaba. Ya bi ta. Ta sake matsawa.

"Kama ta mana!"

"Wasa yake mana da hankali!"

Da ya tsaya ya huta, dutse na farko ya tashi. Ba tsuntsuwar suke jifa ba, shi suke jifa don ya ci gaba. Amma dutse ba ya zaɓe. Wata sheƙa ta karkace ta zubo, ƙirare da kashi da ƴaƴa uku da ba su yi gashi ba, suka fashe a ƙasa. Na ji taron ya yi wani irin nishi. Sun kashe shamuwa da hannunsu, abin da kakanninsu ba su taɓa yi ba, kuma maimakon su tsaya sai jifan ya ƙaru.

Inna ta ja ni bayan ɗaki, ta kife turmi a gindin katanga. Ta ruga ɗaki ta dawo, ta zura mini hijabi, ta ɗaga ni. Hajiya Dije tana ɗaya gefen ta miƙo hannu. Ta tura ni cikin madafa, bayan buhunan gawayi, ta ce ko numfashi kada in yi da ƙarfi. Akwai tsaga tsakanin bango da rufin kara, na sa ido.

Kawu yana can inda reshe bai fi kaurin hannuna ba. Na ga ya dubi ƙasa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya fara jawo ƙafa baya. Dutse ya same shi a hannun da ya riƙe da shi. Ya kama da ɗayan, reshen ya yi ƙara, ya tsage.

Bai yi ihu ba. Ya bugi wani reshe, ya juya, ya wuce bayan katanga inda ba na gani. Sautin kamar an saki buhun hatsi daga kan mota.

Duk shamuwoyin suka tashi lokaci ɗaya, inuwarsu ta ratsa tsakar gidan Hajiya. Sai gudu. Da Inna ta buɗe ƙofa, ba kowa a hanya sai Malam Sani durƙushe a kan Kawu, da takalman da aka bari, da Ɗan Jimma tsaye da dutse a hannu kamar bai san yana riƙe da shi ba. A amalankensa aka kai Kawu asibiti. Babu bijimi, shi ya shiga tsakanin itatuwan ya ja.

Ƙugu ya karye, ƙafar dama ta karye wuri biyu. Bayan asibiti aka ɗauko maɗori daga Yauri, nan kusa da mu, ya yi abin da zai iya. Jandarma sun zo, suka yi tambaya gida-gida, ba wanda ya ga komai. Suka tambayi Kawu, ya ce santsi ne ya kwashe shi.

Ruwa bai zo a makon ba, bai zo a na bayansa ba. Da ya zo lokacin gero ya wuce, sai wake aka shuka. Baba ya iso da ɗan abin da ya samo, ya tarar da surukinsa kwance, ya zauna a zaure ya rufe fuska da hula. Da ciyawa ta taso, wata safiya muka je gona muka tarar da mazan unguwa jere da hauya. Ba wanda ya kira gayya. Babu makaɗi, babu fura, babu waƙa, sai ƙarar ƙarfe a ƙasa. Ɗan Jimma yana can kunyar ƙarshe, bai ɗago ba. Inna ta tsaya a bakin gona har suka gama, ba ta ce musu sannu ba, su ma ba su jira ba. Waken nan muka ci har rani, da safe da dare, har na tsani warinsa.

Da aka koma lakwal, wato makaranta, na mayar wa Mushe Lawali jumel ɗinsa, na faɗa masa haruffan, da rana, da lokaci, da wuri. Ya ji duk abin da ya faru. Ya ɗauki biro.

"A wane hali kika gan ta?"

"Lafiyarta lau, Mushe. Fara take ci."

Ya dube ni, ya rubuta, ya aika. Daga baya ya ce mini masu binciken sun amsa: tana cikin waɗanda Kawu ya zuro da kwando. Gida ta dawo.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ko yaro ya san ba a kama babbar shamuwa da hannu, balle Kawu da ya girma a kan itace. Ya san ba zai kama ta ba, ya san gawo ba ya ɗaukar mutum a ƙololuwa. Na tambayi Inna me ya sa ya ce zai hau, ta ce in je in wanke kwanoni. Na tambayi Malam Sani, ya ce abin da aka rubuta ne. Kawu kuwa ban iya tambayarsa ba, shi ma bai taɓa ɗauko zancen ba, shekara da shekaru.

Yanzu da waya nake aika abin da na gani, kafin in sauke hannu ya isa. Yaran unguwa su ke rugowa su ce, "Yaya Balkisa, ga wata mai zobe a bakin tabki!" Rediyo yana faɗin ranar da ake sa ran ruwa, wani lokaci ya dace. Bana an fita roƙon ruwa, ba a taɓa tubalin kowa ba. Duk da haka in zan ɗaga jumel sai na fara duba wa ke kan hanya, kuma kunnena na hagu har yau ba ya jin kiran sallar asuba in na kwanta a kan na dama.

Kawu igiya yake tufkawa yanzu, a zaure, ƙafar a miƙe, sanda a gefe. Shekaranjiya ina zaune ina miƙa masa kaba, hadari ya haɗu ya watse muna kallo. Ban shirya ba, maganar ta fito da kanta.

"Kawu, ka san ba za ka kama ta ba."

Bai tambaye ni wa nake nufi ba. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ci gaba da murza.

"Wa ke kama shamuwa, ƴar lakwal?"

"To me ka hau yi?"

Ya ja igiyar da babban yatsan ƙafarsa mai lafiya, ya gwada ƙarfinta.

"In ina sama, duk idonsu yana sama. Ni kuma daga can ina ganin tsakar gida. Jira nake uwarki ta tsallakar da ke katanga in sauko abina." Ya girgiza kai. "Sai na ga ta koma ɗaki. Mutane na neman ranki, Yaya ta tsaya neman hijabi, wai kada ki shiga gidan mutane kai ba lulluɓi."